Sabon Malamin Tarihi da Harshe: Horonsa da Taimakon da Yake Bukata

A ƙasar Nijar, malamin firamare yana samun horo a makarantar horon malamai, irin ta Mali Bero da ke birnin Dosso. Malamin sakandare kuwa, mai koyar da tarihi, ko labarin ƙasa, ko Faransanci, ana horar da shi a babbar makarantar malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Sai dai ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Tun daga 1998, saboda ƙarancin malamai, gwamnati ta shiga ɗaukar 'yan sa kai, waɗanda daga baya aka kira malaman kwantiragi. Da yawansu sun shiga aji da ɗan gajeren horo, wasu ma babu.

Ko mai cikakken horo, shekararsa ta farko tana da wuya. Idan aka turo shi Bana, cikin gundumar Gaya, zai tarar da yara masu jin Hausa, ko Dandanci, ko Zabarmanci, ko Fulatanci a gida, alhali littafinsa da Faransanci yake. Mai koyar da lissafi yana iya jingina da alƙaluma, amma darasin tarihi magana ce zalla. Idan yaro bai gane maganar ba, sai ya haddace ta kawai, ya manta bayan jarrabawa.

Hukuma ta tanadi taimako. Darektan makaranta da mai ba da shawara kan koyarwa suna shiga aji su saurari darasi, su yi gyara. Akwai kuma taron CAPED, inda malaman firamare na makarantu maƙwabta suke haɗuwa, wani ya gabatar da darasi sauran su tattauna. Nisa da rashin kuɗin tafiya sukan hana taron zama a kan lokaci.

Saura taimakon yana hannunku, iyaye. Baƙon malami bai san tarihin garinku ba, kuma littafinsa bai faɗi komai a kai ba. Ku kuwa kun san yadda ake dafa gishiri a kwarin Foga, da hanyoyin da fatake suke bi da shi. Kun san kasuwar Kamba a Najeriya, da gadar kogin Kwara da ta haɗa Gaya da Malanbil a ƙasar Benin. Da waɗannan ake koya wa yaro ma'anar iyaka, da fatauci, da ƙaura. Dattijo ɗaya da zai zo aji ya yi bayani na rabin awa ya fi shafi goma da aka kwafa daga allo.

Ta hanyar kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ku nema wa sabon malami masauki tun kafin a koma karatu a watan Oktoba, ku gabatar da shi ga mai gari da liman. Idan kun ga kuskure a aikinsa, ku kai wa darekta maganar a keɓe, kada ku yi ta a gaban yara.