Ba Jabu Ba Ne, Ciwon Ne Ya Sauya

Akwai maganar da ake ji a Suleja idan mai sankarar huhu ya samu sauƙi har ya koma kasuwa, sannan bayan wata goma ko shekara tari da haki suka dawo. Sai a ce, "Ai jabu aka sayar masa," ko kuwa, "Da ma maganin asibiti danne ciwo yake yi." Zargin yana da tushe. Jabun magani na nan, NAFDAC ba ta daina kama shi ba, kuma wanda ya sayar da fili ya sayi ƙwaya yana da haƙƙin tambaya.

Sai dai a duba sauƙin nan na farko. Garin alli ba ya rage ƙari har hoton ƙirji ya nuna.

A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka suka gano cewa wasu masu wannan ciwo, da yawansu ba su taɓa shan taba ba, suna da sauyi a ƙwayar halittar da ake kira EGFR, kuma su ne maganin gefitinib ke yi wa aiki. A 2005 aka gano sauyi na biyu, T790M, wanda ke sa maganin ya kasa riƙe wurinsa. Ana samun sa a wajen rabin waɗanda ciwon ya dawo musu. Ƙari tarin ƙwayoyi ne da ba su zama ɗaya ba: magani ya kashe masu jin sa, 'yan tsirarun da suka sauya su samu fili su hayayyafa. Duk wanda ya sha kulorokwin ya kwana yana susa ya san irin wannan. Kulorokwin bai zama jabu ba, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce ta gagare shi, har Najeriya ta sauya magani.

Batun danne ciwo kuwa, akwai ƙamshin gaskiya. Idan sankarar ta bazu, magungunan nan riƙe ta suke yi, ba sa tumɓuke ta. Amma dawowarta ba ta rufe ƙofa. A 2015 Amurka ta amince da osimertinib, wanda aka ƙera don T790M, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma shi ma wani sauyin, C797S, kan gagare shi daga baya.

Saboda haka kada a jefar da ƙwayar a bi mai tallar magani da lasifika. A kai kwalinta wurin likitan sankara, a Asibitin Ƙasa na Abuja ko na koyarwa da ke Gwagwalada, a tambaye shi ko za a sake gwajin tsoka ko na jini kafin a sauya magani.