Inna, wannan dabba ce ko fure? Abin da za mu gaya wa yara game da halittun bakin teku



A wani zama da muka yi kwanan baya, bayan an gama zubi an kulle akwati, ɗaya daga cikinmu ta kawo wani kuka. Ɗiyarta da ke aji uku a lakwal ta zo mata da littafi, ta ɗora yatsa kan hoton wani abu mai hannu biyar kamar tauraro, ta ce, "Inna, wannan dabba ce ko fure?" Ita kuwa tana tsakiyar tuƙin tuwo. "Wallahi ban san sa'ad da na ce ta tashi ta ba ni wuri ba," in ji ta. "Da na kwanta da dare abin ya tsaya mini a rai. Yarinya ta zo da tambaya, na kore ta kamar kaza."

An yi dariya, amma ba wadda ta ce ita ba ta taɓa yi ba. Yaro kuwa in an kore shi sau biyu sau uku, sai ya daina kawo tambaya gida, ya kai ta wurin salular wani, inda ake nuna masa mace mai jelar kifi a ce an kama ta da rai. Shi ya sa muka ce bari mu tattaro abin da ya tabbata game da halittun bakin teku, wanda uwa za ta iya faɗa da bakinta ko ba ta taɓa zama a aji ba.

Ƙasarmu ba ta da teku, gaskiya ne. Daga Yamai zuwa Kwatano tafiyar wajen kilomita 1000 ce. Amma akwai ɗan teku a gidajenmu, mu ne ba mu lura ba. Ku duba wurin da ake saƙala wa yarinya a kitso, ko wanda ke jikin tsohon faifan kaka. Wuri gidan wata ƴar halitta ce mai rai, dangin dodon koɗi, da ke zaune a ruwan teku marar zurfi. Tana da wata fata mai laushi da take fiddowa ta lulluɓe bayan gidan nata da ita, shi ya sa wuri ke sheƙi kamar an goge shi da mai. Yawancin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ya fito. Can mutane kan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su hau su manne, a kwaso a shanya a rana har naman ya ruɓe, a wanke, a yi lodi. Daga nan sai jirgin ruwa, sai raƙumi da jaki, har kasuwanninmu. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Tasawa, ya ga ana zaune ana ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma har gobe in kuɗi sun yi yawa cewa muke yi wuri na gugar wuri. Ku ba yaro wuri ɗaya ya riƙe a tafin hannu kafin ku soma labarin. Za ku ga yadda zai yi tsit.

To, mu koma ga tambayar yarinyar. Abin nan mai hannu biyar dabba ce, tauraron teku. Ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da jini irin namu, ruwan teku ne ke zagaya jikinsa. A ƙarshen kowane hannu akwai ɗan ido da ke bambance haske da duhu, ƙarƙashinsa kuma ƙananan ƙafafu birjik da yake jan jiki da su. In wani abu ya gutsure masa hannu, sabo yakan tsiro. Cin abincinsa ne yara suka fi so su ji, don akwai ƙyama a ciki: yakan kama ƙumba ya ɗan buɗe ta, sai ya turo cikinsa waje ta baki, ya narkar da naman a can cikin ƙumbar, sannan ya mai da cikin nasa ciki.

Ƙaguwa kam wasu yaranmu na bakin kogi sun san ta, mai tafiya a karkace. Ƙafafunta goma ne in an haɗa da manyan nan biyu masu kama da almakashi. Ƙashinta a waje yake, namanta a ciki, don haka in ta girma sai ta yi saɓa kamar maciji, ta ɓuya har sabon ɓawon ya yi tauri. Amma akwai wata ƴar uwarta da ta fi ba mu dariya. Ita gindinta laushi gare shi, ba ɓawo, sai ta nemi koɗin da mai shi ya mutu ta shige, ta riƙa yawo da shi a baya. In ta yi ƙiba gidan ya matse ta, sai neman wani. An ga irin waɗannan ƙaguwoyi suna taruwa wurin babban koɗi guda, su yi layi daga babba zuwa ƙarama. Babbar ta shiga sabon gida, mai bi mata ta faɗa wanda aka bari, haka har kan auta. Da aka karanta wannan a zaman namu wata ta ce, "Ashe su ma adashi suke yi, kowa da ranar kwasarta!"

Akwai kuma wata mai hannu takwas, wadda littafin lakwal ke kira pieuvre. Zuciyarta uku, jininta shuɗi, ba ƙashi ko ɗaya a jikinta, har takan matse ta wuce ta ƴar kafar da ba za ku zata ba. Tana sauya launi ta saje da dutse ko yashi, ta fi hawainiya sauri. In an matsa mata sai ta feso wani baƙin ruwa kamar tawada ta sulale. Uwar takan zauna gadin ƙwanta makonni, wani lokaci watanni, ba ta barin wurin ko don neman abinci, kuma galibi in ƴaƴan sun ƙyanƙyashe ita tata ta ƙare. Nan kam ba wadda ta yi dariya.

Dokin teku ne ya dawo mana da ita. Ɗan kifi ne da yawanci bai wuce tafin hannu ba, kansa kamar na doki, yana iyo a tsaye. Macen takan zuba ƙwanta cikin wata jaka da ke cikin namijin, shi ne zai yi ta yawo da ciki har ranar haihuwa. Wannan labarin, ku tabbata maigida na kusa sa'ad da kuke ba da shi.

Wadda ta fi cancanta mu daɗe a kanta ita ce kififiyar teku, babbar ƴar uwar kunkuru. Rayuwarta duk a ruwa take, amma in lokacin ƙwai ya yi sai ta fito gaɓa da dare, ta ja jiki kan yashi, ta tona rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta koma ruwa ba waiwaye. Ana ganin haka a gaɓar Benin da Togo da Gana. Bayan kamar wata biyu ƴaƴan su fasa, su tono kansu, su ruga ruwa, tsuntsaye da ƙaguwoyi na tsintarsu a hanya, kaɗan ne ke kai ga girma. Zafin yashi ne ke raba maza da mata: in ramin ya yi zafi mata su fi yawa, in da sanyi-sanyi maza. Macen da ta rayu, bayan shekaru masu yawa, yankin da aka haife ta take dawowa ta yi nata ƙwan. Mafi girma a cikinsu kan kai kilo 500, kuma abincinta wata halitta ce mai santsi kamar kunun da ya daskare. Leda in tana yawo cikin ruwa kamarsu ɗaya, sai ta haɗiye, ta toshe mata hanji. Ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san abin da leda ke yi wa awakinmu. Yaron da ya ga an fiddo leda daga tumbin akuya zai gane nan take.

Wasa biyu da ba sa cin ko dala. Ku sa ƙwai cikin kofin ruwa, zai nutse. Ku zuba gishiri da yawa ku motsa, sai ya taso, kuma dalilin ke nan da mutum ya fi saurin tasowa a ruwan teku bisa ruwan tabki. Ƙwan a wanke a dafa, ba asara. Na biyu, yaro ya kifa kofi ko ƙaramin ƙoƙo a kunne, zai ji wani "shuuu". Masu babban koɗi kan ce kukan teku ne ya maƙale a ciki, alhali ƙarar da ke kewaye da mu ce ke amsawa.

Ga masu zuwa sari Kwatano ko Lome da yaro a hannu, a kai shi ya gani, ya tsinci koɗi, ya ga yadda ruwa ke cikowa ya janye sau biyu a yini saboda jan da wata ke yi masa. Amma a riƙe hannunsa gam. Igiyar ruwan gaɓar nan tana da ƙarfi, tana janye babba ma, wanda ya iya iyo. Kuma duk abin da aka gani yashe a yashi mai santsi kamar leda kada a taɓa, yana harbi ko ya mutu.

Ƴan uwanmu na jihar Tawa kuwa ba sai sun biya kuɗin mota ba. Masana duwatsu sun tabbatar cewa fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe yankin Adar, kuma farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙarƙashin wannan ruwa ya taru. Har yanzu ana tsintar koɗi da ƙumba da haƙoran kifi da suka zama dutse a tuddan wajen. In yara za su kiwo ko itace, ku ce su riƙa duba ƙasa, wanda ya samu ya kawo gida a wanke a ajiye kusa da wurin kaka.