Hayar Gida a Yola da Jimeta: Abin da Doka ta Tanada

YOLA: A unguwar Mbamoi da sauran unguwannin Yola da Jimeta, har yanzu ana yawan ƙulla hayar gida da fatar baki, a gaban dillali kawai. Tun shekarar 2014, lokacin da rikicin Mubi ya koro dubban jama'a zuwa babban birnin jihar Adamawa, neman gida ya ƙaru, amana kaɗai kuwa ta daina wadatarwa.

Yarjejeniyar baki halal ce a doka, amma tabbatar da ita gaban alƙali shi ne aiki. Don haka ya kyautu a rubuta sunayen ɓangarorin biyu, da yawan kuɗin haya, da ranar shiga da ta ƙarewar wa'adi, da wanda gyara da kuɗin wuta da ruwa ke kansa. Hayar da ta haura shekara 3 kuwa tana bukatar cikakkiyar takarda mai hatimi.

Inda aka fi samun saɓani shi ne wajen tayar da ɗan haya. Muddin yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai hayar mako-mako ana ba shi sanarwar mako guda, mai wata-wata wata guda, mai shekara-shekara kuwa wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa sanarwar kwana 7, sa'an nan a garzaya kotu. Mai gida ba shi da ikon kware rufi, ko cire ƙofa, ko watso kaya waje. A shekarar 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa ita kanta gwamnatin Legas kan yunƙurin fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin tuwo, alhali magana tana gaban shari'a.

Shi ma ɗan haya wajibi ne ya biya kan lokaci, ya kiyaye gidan, kada kuma ya mai da ɗakin kwana shago ko sito ba da yardar mai gida ba.

Bugu da ƙari, dokar haraji ta 2025 ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, har iyakar naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji. Wanda ba ya riƙe da rasit, da wuya ya ci wannan moriya.