Kafin Ka Ɗaura Kaya a Kariyar Keke

Tun da labarin Mamadou Safayou Barry ya bazu a 2023, ba a rasa matashin da zai fito a Facebook ya ce shi ma ya ɗaura niyya, daga Kano zuwa Legas, ko daga Damagaram har Makka, a kan keke. Nan take sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce jarumi ne, Allah ya ba da sa'a. Wasu su ce zaman banza ne ya yi masa yawa. Da wuya ka ji wanda ya tambaye shi inda zai kwana a dare na uku, ko litar ruwa nawa kekensa zai iya ɗauka.

Barry ɗan ƙasar Gini ne, yana da shekara 25 sa'ad da ya bar gida a watan Mayun 2023 don neman karatu a Jami'ar Azhar da ke Alƙahira. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar ya shiga Chadi, tafiyar kilomita kusan 4,000. Masu ba da labarin sun fi son ƙarshensa, wato gurbin karatu kyauta da ya samu, da sabon keken da ɗan fim ɗin Amurka Will Smith ya ba shi daga baya. Tsakiyar labarin ake tsallakewa. Sau uku aka tsare shi, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. Kuma a jirgin sama ya shiga Alƙahira ranar 5 ga Satumba, bayan da wani ɗan jarida ya yi hira da shi a Chadi, mutane suka haɗa masa kuɗin tikiti, saboda yaƙin Sudan ya toshe hanya. In ka raba kilomita 4,000 a kan wata huɗu, abin bai kai kilomita 35 a rana ba. Ɗan makarantar da ke zuwa gari daga ƙauye ya koma yana iya yin haka. Ke nan abin da ya cinye masa kwanaki yana can wani wuri daban: shingayen bincike, jiran takardu, neman abinci, neman makwanci.

Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi a muhawarar. Duk ɓangarorin biyu sun ɗauka doguwar tafiya a keke ƙarfin ƙwauri ce da taurin zuciya. Alhali duk mai lafiya da ya saba da keke yana iya yin kilomita 100 a yini ɗaya, in ya daure. Gwajin gaskiya yana zuwa ne washegari, lokacin da zai sake hawa sirdi da mazaunai masu raɗaɗi, da jibi, da gata. Shi ya sa waɗanda suka saba da irin wannan tafiya da kaya suke tsaida zangonsu tsakanin kilomita 60 zuwa 100, kuma su ware ranar hutu bayan 'yan kwanaki. Ko tafiyar nan ta Tour d'Afrique da aka fara a 2003, daga Alƙahira zuwa Cape Town, kimanin kilomita 11,000, wata huɗu ta ɗauka a karon farko, kuma da motoci a biye suna ɗauke da kaya da ruwa da mai dafa abinci.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro sun san wannan lissafi tun kafin keke ya zo ƙasar nan. Madugu ba ya tsaida zango a inda ƙarfin ayari ya ƙare. Yana tsaida shi a inda akwai rijiya da kasuwa da sarkin da aka sani, ko da rana ba ta yi nisa ba, kuma tafiyar ayari tafiyar jakin da ya fi rauni ce. Mai keke ma haka ya kamata ya zauna da taswira, ya fara da tambayar ina ruwa yake, sannan ya ƙidaya kilomita.

A Maris da Afrilu zafi a Sakkwato da Maiduguri da Njamena yakan wuce digiri 40. Mai tuƙa keke a irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a kowace awa, kuma iskar da ke bugunsa tana busar da gumin nan take, har ya zaci bai yi gumi ba. Awa biyar a kan hanya, lita biyar ke nan, kuma kowace lita kilo ɗaya ce a kan kariya. Gumi kuwa da gishiri yake fita. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla bai ci komai ba yana iya tsinka gishirin jininsa, ya fara ciwon kai da jiri da amai, ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara sha. Maganin nan da uwaye mata suka sani na gudawar yara shi ne dai maganinsa: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a litar ruwa mai tsabta. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli a aljihu, a riƙa ci kaɗan-kaɗan tun kafin yunwa ta zo, domin sukarin da jiki ya ajiye a hanta da tsoka yana iya ƙarewa cikin 'yan awanni na aiki tuƙuru, ƙafa ta mutu lokaci guda. Idan abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi a cikin rana, tafiya ta tsaya: a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a nemi asibiti. Su kuma ƙwayoyin kashe ciwo da wasu ke haɗiya don su ƙara ƙaimi, irin su diclofenac da ibuprofen, suna iya lahanta ƙoda a jikin da ya bushe, ballantana tramadol da ke rufe wa mutum gargaɗin da jikinsa ke yi masa.

Sai iska, wadda kusan babu mai sa ta a lissafi. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu. In gudun iskar da ke bugun ƙirjinka ya ninka biyu, turjiyarta ninki huɗu take yi. Mai tafiya kilomita 15 a awa, in ya fuskanci iska mai gudun kilomita 15, abin da yake turawa ya ninka huɗu a kan ranar da gari ya yi tsit. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Don haka wanda ya tashi daga Kano ya nufi Maiduguri a Janairu, yana murnar ya tsere wa zafi, zai yi kusan kilomita 600 yana kokawa da ita da ƙura a hanci, shi kuwa mai dawowa tana tura shi ta baya. A nan tafiyar rukuni take da riba: wanda ya lafe a bayan ɗan'uwansa yana rage wahala sosai, sai a riƙa karɓa-karɓa a gaba.

Amma rukuni yana da nasa ciwon kai, kuma yawancinsa na baki ne. Wa zai riƙe kuɗi? Ƙarfe nawa za a tashi? In ɗaya ya kasa, a jira shi ko a sa shi a mota? Abin da ba a yanke a gida ba, a gefen titi za a yanke shi, cikin yunwa da fushi. Mai tafiya shi kaɗai ya huta da wannan, sai dai duk kayan gyara a kansa suke, kuma in ya faɗi babu mai kai labari. Aƙalla ya bar wa wani a gida jerin zangunansa, ya riƙa kira kowace yamma.

Shi keken ba sai mai tsada ba. Wanda kowane mai faci a ƙauye zai iya gyarawa ya fi wanda sai an yi odar kayansa daga waje. Famfo, kayan faci, tayar ciki ta ajiya, 'yan sifana, fitila gaba da baya, hular kwano, gidan sauro. Tsayin sirdi kuma a daidaita shi yadda in ka ɗora diddige a feda tana ƙasa ƙafa za ta miƙe, in ba haka ba gwiwa ce za ta biya. Takardun tafiya da katin allurar shawara wajibi ne ga mai ƙetare iyaka, kuma tun da Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, a tambayi halin da iyaka take ciki kafin a tashi. Hanya irin ta Birnin Gwari kuwa, wadda masu mota ma suka sha shiga da addu'a, ba wurin gwada jarumta ba ce, haka tafiyar dare, haka sanar da duniya a intanet garin da za ka kwana yau.

A Turai akwai hanyoyin keke na EuroVelo guda 17 da suka ratsa nahiyar. A gaɓar kogin Danube, tsakanin Passau ta Jamus da Vienna ta Ostiriya, kilomita 300 da 'yan kai, tsofaffi da yara suna yin tafiyar cikin mako guda ba tare da sun yi gogayya da tirela ba. Mu a nan, manyanmu sun iya tarbar wanda ya iso, a ɗauki hoto a miƙa ambulan, amma gefen titin da zai bi ya tsira daga tanka ba ya cikin kwangila. Tarbar ce ke sa wani yaron ya tashi gobe ba shiri.

Kai da ke da wannan niyya, kada ka fara da Makka. Ɗaura duk kayan da kake shirin ɗauka, ka tashi da asuba ka yi kilomita 70, ka kwana a garin da ka isa, ka dawo washegari a kan keken. In ka iso gida kana jin za ka iya sake fita da safe, to sai a zauna a buɗe taswira.