Ƙwayar Zarra da Tukunyar Nukiliya ta Zariya

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Jatau ya dubi ragowar ganuwar Zazzau, ba abin da zai gani sai jar ƙasa. Amma da za a ɗebi ɗan kaɗan daga ƙasar nan a kai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da sai a lissafa ma'adinan da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne bayyana yadda ake yin haka, domin da yawa daga cikinmu in an ambaci nukiliya ba ma tuna komai sai bam.

Ƙirar Ƙwayar Zarra

Kowane abu da ƙwayoyin zarra aka gina shi. A shekarar 1911 Ernest Rutherford ya gano cewa kusan dukan nauyin ƙwayar ya taru ne a wani ɗan ƙwallo da ke tsakiyarta. Don kusanto da abin ga hankali, in ƙwayar zarra ta kai faɗin filin Idi, to, ƙwallon nan bai wuce tsabar gero ba. A cikinsa akwai furoton da kuma nitiron, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Yawan furoton shi ke bambanta ma'adinai: zinariya tana da 79, yuraniyam kuwa 92.

Yadda Tukunyar Ke Aiki

A 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano cewa in nitiron ya shiga ƙwallon yuraniyam, ƙwallon yakan tsage. Tsagewar takan saki zafi da wasu nitiron biyu ko uku, su kuma su je su tsaga na gaba. A kan wannan ƙa'ida aka gina tukunyar Zariya, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a watan Fabrairu na 2004 da ƙarfin kilowat 30. Wannan ƙarfi bai isa ba gari lantarki ba. Nitiron ɗin su ne abin nema.

Akan sa abin da za a gwada cikin ɗan kwanso, a tura shi kusa da zuciyar tukunyar. Ƙwallayensa sai su haɗiyi nitiron, su rasa natsuwa, su dinga fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira gama. Kowane ma'adini da irin haskensa, da kuma lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Alal misali, na alminiyam minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi, na sodiyam da ke cikin kanwa awa 15, na zinariya kuwa kusan kwana uku. Ta haka ake auna abin da ke cikin ƙasar noma da duwatsu da hatsi da magungunan gargajiya.

Kammalawa

Tsoron da jama'a ke yi ba a banza yake ba, gama man da tukunyar ta fara da shi yuraniyam ne mai tacewar kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake iya ƙera makami da shi. A 2018 aka sauya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Abin da ya rage gare mu ɗaliban Hausa shi ne samar da kalmomin da za su kai wannan ilmi ga mutanen birni, tunda a ƙofar gidansu ake aikin.