Maganin Rage Ƙiba

Yau zancenmu a kan maganin da likita kan ba mai ƙiba ne, ko da ba shi da ciwon sukari.

A ƙasarmu in mutum ya ajiye teɓa sai a ce hutu ya samu. Amma ƙiba in ta yi yawa kaya ce. Tana jawo hawan jini da ciwon gwiwa da ciwon zuciya, ita ce kuma kan share wa ciwon sukari hanya.

Ba da ido ake gane wanda ya isa shan magani ba. Sai ka hau sikeli a dispensa, a auna tsawonka. Misali, mai tsawon mita 1.7 sai ya kai kilo 87, ko kuwa kilo 78 in yana da hawan jini.

Akwai ƙwaya mai suna orlistat. Ita tana hana wajen sulusin maiƙon abinci shiga jiki, sai ya fita a bayan gida. Akwai kuma allura, watau semaglutide, wadda Amurka ta yarda da ita domin ƙiba a 2021. Sau ɗaya ake yinta a mako, tana sa mutum ya ƙoshi da wuri. Da aka gwada ta makonni 68 a kan masu ƙiba marasa ciwon sukari, tare da rage ci da motsa jiki, sun sauke wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Mai kilo 100 ya koma 85 ke nan.

To, ga inda za ku kasa kunne. Waɗanda suka bar allurar, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya komo. Ga tsada, ga shi takan kawo tashin zuciya da amai da gudawa. Mai ciki da mai goyo kada su kusance ta.

Kada ku sayi maganin rama a kasuwa ko a tasha. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai jabun allurar nan. Wani shayin rage ƙiba kuwa akan samu sibutramine a ɓoye cikinsa, maganin da ƙasashe da yawa suka janye a 2010 saboda yana jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki.

Saboda haka ka rage malmalar tuwo da mai da lemon kwalba, ka riƙa tafiya a ƙasa rabin sa'a kullum. In nauyi ya ƙi sauka, zo dispensa mu auna ka, mu aika da kai wurin likita.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.