Saƙa a Matsayin Sana'ar Gado: Nazarin Kalmomin Gidan Masaƙa

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa ba a zuwa makaranta don koyon saƙar hannu. A gida ake tashi a tarar da ita. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin al'ummar Zazzau a wajejen 1950, ya nuna yadda Hausawa suke bambanta sana'ar da mutum ya gada, wato karda, da wadda ya shiga da rana tsaka, wato shigege. Saƙa tana cikin sana'o'in da gado ya fi ƙarfi a cikinsu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tare da kayan aiki da ƙwarewar hannu akwai tarin kalmomi da ake gada a gidan masaƙa, kuma waɗannan kalmomi suna rayuwa ne muddin aikin da suke nufi yana gudana a gidan.

2.0 Rabon Aiki a Cikin Gida

Kafin zare ya isa hannun masaƙi, ya riga ya bi ta hannun matan gida. Su ne suke gurza auduga a kan magurji domin raba ta da angurya, su shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi, sannan su yi kaɗi da mazari, suna shafa alli a yatsunsu don kada zaren ya zame. Zaren da aka kaɗa siriri mai ƙarfi shi ake miƙewa a tsawon saƙa, mai kauri kuwa, wato abawa, shi ake gittawa. Yarinya tana koyon wannan ne a gefen tabarmar uwarta ko kakarta, tun kafin ta san cewa koyo take yi.

Aikin namiji yana farawa da wadari, wato kai da komo tsakanin turaku da zare har a sami tsawo da yawan silin da ake bukata. Daga nan sai a zura zaren ta cikin allira da matsefi, a ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, wani katako da ake ɗora wa dutse a can nesa da masaƙi. Idan masaƙi ya taka mataki, allira ta buɗa zaren gida biyu, sai ya jefa ƙoshiya ta tsakiya, ya jawo matsefi ya daddale abawar. Abin da ya saƙu yana naɗe shi a takala, kunkuru kuwa yana matsowa sannu a hankali. Ga alama wannan tafiya tasa ce ta jawo masa sunan.

Ba a ɗora yaro kan masaƙa tashin farko. Aikinsa na fari shi ne tariya, wato naɗa zare a ƙwarƙwaron da ake sakawa cikin ƙoshiya, da ƙulla zaren da ya tsinke, da aike. A cikin aiken nan ne yake haddace sunaye, domin wanda aka ce ya miƙo takala ya miƙo ƙoshiya ba zai sake kuskuren ba. Sai ya gwanance da wannan ake barinsa ya gwada fari, wanda ba shi da ado, kafin ya kai ga saƙi ko barage, inda ƙidayar sili take da muhimmanci. Mata ma suna da tasu masaƙar, wadda ake jinginawa tsaye a cikin gida, ana buga zare da akwasa, kuma saƙarta ta fi ta maza faɗi nesa ba kusa ba. Irinta ce matan Akwete a ƙasar Ibo da matan Okene a ƙasar Ibira suka shahara da ita.

3.0 Ƙirar Kalmomin

Idan aka dubi kalmomin da aka ambata, za a ga sun kasu gida biyu. Kashin farko su ne waɗanda aka gina da ɗafa-goshin ma- daga aikatau: magurji daga gurza, inda z ta koma j a gaban wasalin i, da matsefi daga tsefe, da mataki daga taka. Haka nan masaƙi da masaƙiya. Kalmar masaƙa kuwa a rubuce ɗaya ce, amma karin sauti yana raba ma'anarta: idan duk gaɓoɓinta suna sama, wurin saƙa ake nufi; idan gaɓar tsakiya ta yi ƙasa, jam'in masaƙi ke nan. Irin waɗannan kalmomi ko Bahaushen da bai taɓa ganin masaƙa ba yana iya hasashen ma'anarsu, don ƙa'idar gina su tana nan da ranta a harshen.

Kashi na biyu su ne irin su allira da takala da akwasa da ƙwarƙwaro. Ƙirarsu ba ta bayyana komai game da aikinsu ga mai sauraro na yau. Wanda bai zauna kusa da masaƙi ba, babu yadda zai yi ya san su. A ganina waɗannan su ne ainihin kalmomin gado, kuma su ne suka fi fuskantar haɗarin ɓacewa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace da dama daga cikin kalmomin sana'o'in Hausawa, amma ƙamus yana adana ma'ana ne a layi ɗaya ko biyu. Ba ya nuna yadda ƙafa da hannu suke haɗuwa a kan allira.

Sunayen zare kuwa suna ɗauke da tarihin fatauci. Alharini daga Larabci yake, an kuma riƙa shigo da jansa ta hanyar Sahara; a Yarabanci ya zama alaari. Tsamiya suna ne na zaren da ake samu daga sheƙar wata tsutsa ta daji, kuma manazarta suna danganta shi da sanyan na masaƙan Ilori da Iseyin. Wannan fage ne da masu nazarin aron kalmomi tsakanin Hausa da Nufanci da Yarabanci za su sami abin yi a cikinsa.

4.0 Inda Zaren Ya Tsinke

Lokacin da Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ake saƙawa a rina a fitar waje da aƙalla wuri miliyan 300 a shekara, kuma ya lura cewa sana'ar a cikin iyali take gudana. Ko bayan kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Biritaniya a 1902 da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, masaƙan gida sun daɗe suna sayen auduga a farashin da ya fi na Turawa. Ke nan sana'ar ba ta faɗi farat ɗaya ba.

Abin da ya fara karya ta daga ciki shi ne zaren inji. Masaƙi ya ga ya fi sauƙi da araha, kuma ba ya yawan tsinkewa, sai ya rage sayen na matan gida. Da buɗe masaƙar zamani ta Kaduna a 1957 da waɗanda suka biyo bayanta, yadi da atamfa suka wadata. Rufe wannan masaƙa a 2002 bai mayar wa masaƙan hannu da kasuwarsu ba, domin tufafin ƙasashen waje ne suka cike gurbin. Saboda haka ɓangaren mata na wannan gado shi ya fara yankewa, kuma kalmomin gurza da shiɓa da kaɗi su suka riga na masaƙa barin bakin yara. Wasu sun tsira ne kawai a cikin salon magana: ana cewa jikin mai jin tsoro yana mazari, ana cewa mugu yana saƙa da mugun zare, mai damuwa kuma yana saƙa da warwara, alhali masu faɗin da yawa ba su taɓa riƙe mazari ba.

Inda kasuwa ta musamman ta ɗore, gadon ya fi jurewa. Garin Kura, kudu da birnin Kano, ya yi suna da turkuɗi, wanda ake haɗawa daga siraran saƙa, a rina shi da baba, a buga shi a mabuga har ya yi ƙyalli, Buzaye kuma su saya don rawani. Mai son tattara waɗannan kalmomi gara ya fara daga irin waɗannan garuruwa, ya zauna a gindin masaƙa ya ɗauki furuci tare da karin sautinsa. Ya kamata kuma a sami mace a cikin masu binciken, domin tsofaffin da suka san sunan kowane matakin kaɗi a cikin gida suke, inda baƙo namiji ba ya shiga.